Giya 21 Ko Giya 12? Kafin Ka Zuba Kuɗinka A Keken Hawa Dutse

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keke ya dawo da martabarsa a makarantar nan. Duk mai bi ta bayan hostel da sassafe shaida ne: gindin darbejiyar da a da babura ne kaɗai ke kwana, yanzu kekuna sun ci rabinsa. Kuma mafi yawansu ba Phoenix ko Raleigh irin na kakanninmu ba ne. Masu kaurin taya ne da giya, waɗanda asalinsu don hawa duwatsu aka ƙera su, aka hau su a Turai ko Amurka har aka gaji, sannan suka iso mana a gwanjo.

Musu ne ya jawo wannan rubutu. Ran nan a teburin mai shayi wasu abokaina biyu suka kusa ɓatawa. Ɗaya yana da tsohon keke mai giya 21, ɗayan kuma yayansa ne ya aiko masa da sabon yayi mai giya 12. Mai 21 ya dage cewa nasa ya fi, tunda ko ɗan firamare ya san 21 ta fi 12. Mai 12 ya ce, "Mutumina, naka fa tun kafin a haife ka aka daina yayinsa." Kowa da guntuwar gaskiyarsa, amma babu wanda ya taɓo abin da ya fi shafar ɗalibi, wato: idan wani abu ya karye ranar Laraba, kana da jarrabawa ranar Alhamis a ɗaya ƙarshen makaranta, wanne ne mai gyaran bakin get zai iya tayar maka?

Bari mu ɗan koma baya. Wannan nau'in keke a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka aka fara shi, cikin shekarun 1970. Wasu samari ne, irin su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly, suka riƙa ɗaukar tsofaffin kekuna masu nauyi suna gangarowa da su daga kan tudu a guje. Daga nan suka fara ƙera nasu. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, wanda ya kai irin wannan keke shaguna da yawa, kuma a 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Kekunan da ke cika kasuwarmu ta gwanjo galibi 'ya'yan wancan zamani ne, daga shekarun 1990 zuwa wajen 2010: ƙafa mai inci 26, faranti uku a gaba, birkin roba mai kama rim.

To mene ne ma giya 21 ɗin? Ba wani sirri. A wajen feda akwai faranti uku masu haƙora, a ƙafar baya akwai fayafayai bakwai. Uku sau bakwai, 21. Mai faifai takwas 24, mai tara 27. Sabon yayi kuwa faranti ɗaya ne tak a gaba, fayafayai 12 a baya, shi ya sa ake ce masa 1x12. Lambar tana gaya maka hanyoyi nawa kaca za ta iya zama ne kawai. Ba ta gaya maka ƙarfin keke ko gudunsa.

Abin da ke aiki shi ne rabon haƙora. Raba haƙoran farantin gaba da na faifan baya, abin da ya fito shi ne sau nawa ƙafar baya za ta juya idan ka zagaya feda sau ɗaya. Ɗauki keke mai giya 21 da aka fi gani: farantansa 42, 34 da 24, fayafayansa 14, 16, 18, 20, 22, 24 da 28. Giya mafi nauyi 42 a kan 14, wato juyi uku cif. Mafi sauƙi 24 a kan 28, ƙasa da juyi ɗaya kaɗan. Tazarar da ke tsakanin mafi nauyi da mafi sauƙi ninki uku da rabi ce.

Yanzu ga inda mai 21 zai ɗan ji kunya. Sa kaca a kan faranti 42 da faifai 28, ka samu 1.5. Sa ta a kan 24 da 16, ka sake samun 1.5. Giya ɗaya ce aka ƙirga sau biyu. Haka 34 a kan 20 da 24 a kan 14, bambancinsu ƙafarka ba za ta ji ba. Ƙari a kan haka, akwai haɗin da bai kamata a hau ba sam: babban faranti da babban faifai, ko ƙaramin faranti da ƙaramin faifai. A nan kaca tana karkacewa, tana gogar macanjin gaba, tana wannan ƙarar "kar-kar-kar" da muke ji kullum a hanyar laburare. Idan ka cire maimaici da haramtattun, abin da ya rage bai fi dozin da 'yan kai ba.

Shi kuma 1x12, a ce faranti 32 ne, fayafayan daga 10 zuwa 51 kamar yadda Shimano ke yi. Mafi nauyi 3.2, mafi sauƙi 0.63. Tazarar ninki biyar ce da ɗoriya, kuma babu giya ko ɗaya da ta maimaita 'yar'uwarta. Ke nan a wannan karon 12 ta doke 21, ta sama da ta ƙasa.

Amma kada mai 12 ya fara murna. Tsohon keke mai daraja, mai giya 27, da farantai 44, 32, 22 da fayafayai 11 zuwa 34, mafi nauyinsa 4.0 ne, mafi sauƙi 0.65. Ninki shida da 'yan kai. Ko an sa girman ƙafa a lissafi bai canza zani ba: ƙafar inci 26 tana cin kimanin mita 2.07 a juyi ɗaya, ta inci 29 kimanin mita 2.3. Tsohon zai kai ka mita 8.3 a zagayen feda ɗaya, sabon mita 7.4. A giyar hawa tudu tsohon mita 1.3, sabon mita 1.4. Wato ta fuskar faɗin giya zalla, tsohon mai faranti uku bai taɓa faɗuwa ba. 'Yan Mekanikal ku ɗauko kalkuleta ku duba ni.

To idan haka ne, me ya sa kamfanoni suka watsar da farantai ukun?

Saboda macanjin gaba shi ne abin da ya fi ba mahaya ciwon kai a daji. Yana tura kaca ta ɓangaren da take ɗauke da nauyin ƙafarka, daga faranti zuwa wani mai bambancin haƙora takwas ko fiye. A kan duwatsu kaca kan zame ta faɗi, ko ta maƙale tsakanin faranti da firam. Kuma mahayi yana gangara a guje dole ya riƙa tunanin madanni biyu, na hagu da na dama. A 2012 kamfanin SRAM na Amurka ya fito da XX1: faranti ɗaya, fayafayai 11, daga 10 zuwa 42. Dabaru biyu ne suka sa abin ya yiwu. Na farko, haƙoran farantin an yi su ɗaya mai kauri ɗaya siriri, bi da bi, daidai da yadda ramukan kaca suke ɗaya mai faɗi ɗaya matsattse, sai su riƙe ta gam. Na biyu, an sa wa macanjin baya wani ɗan kuloci da ke hana hannunsa lilo, don haka kaca ba ta tsalle tana dukan firam. A 2016 suka kawo Eagle mai 12, daga 10 zuwa 50. Shimano ta Japan ta biyo da nata mai 12 a 2018. Daga nan kusan duk keken hawa dutse mai tsada ya koma faranti ɗaya. An samu raguwar nauyi, an samu fili a firam don taya mai kauri, madanni ya zama ɗaya. Yanzu ma har akwai masu canza giya da batir, ba waya ko ɗaya.

Duk wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya hau 1x12 mai kyau zai ji daɗinsa. Sai dai babu abin da ake samu a banza.

Don a cusa fayafayai 12 a kusan wurin da a da takwas ko tara ke zaune, dole aka matse su, aka kuma rage kaurin kaca. Tsawon gaɓar kaca bai canza ba, rabin inci ne tun fil'azal. Faɗinta ne ya ragu: ta giya bakwai ko takwas ta ɗan haura milimita 7, ta giya 12 kuwa kimanin milimita 5.3. Da tazara ta matse haka, kuskure kaɗan ya isa ya ɓata saiti. Akwai wani ɗan ƙarfe da macanjin baya ke rataye a jikinsa. Idan keke ya faɗi ta dama, kamar yadda suke faɗuwa kullum a gindin darbejiya idan wani ya zo zare nasa, ƙarfen nan kan ɗan lanƙwashe. Mai giya bakwai zai yi haƙuri ya ci gaba da aiki. Mai 12 sai ya fara tsallake giya da kansa, kana taka feda yana yi maka gardama.

Sannan ga maganar kayan gyara, wadda ita ce zuciyar batun. Kacar giya shida, bakwai da takwas kusan ɗaya ce, kowacce na hawa kan 'yar'uwarta, kuma ita ce masu kayan keke suka fi ajiyewa. Ta giya 12 sai dai ka yi oda ka jira. Ba kaca kaɗai ba: faifai mai haƙora 10 ya yi ƙanƙanta da zai zauna a kan tsohuwar cibiyar ƙafa, don haka SRAM ta ƙirƙiro nata mazaunin mai suna XD, Shimano ta yi nata Micro Spline, kuma ɗaya ba ya karɓar kaset ɗin ɗaya. Abokin namu mai 12 ya gane haka ne da kacarsa ta tsinke. Mai gyara ya juya ta, ya kalle shi, ya ce, "Ɗan makaranta, wannan ai ba tamu ba ce." Keken ya yi sati uku a jingine a ɗaki, mai shi yana sayyada zuwa lacca, mai 21 yana wuce shi yana kaɗa ƙararrawa.

Kada wannan ya sa a ɗauka duk tsohon keke alheri ne. A cikin masu giya 18 da 21 akwai tarko, kuma yana ƙafar baya. Iri biyu ne. Akwai firiwil, wanda fayafayan da abin da ke "tik-tik" ɗin duk a haɗe suke, ana murɗa su a jikin cibiya kamar murfin kwalba. Akwai kuma kaset, wanda ake zura fayafayan a kan mazauninsu a ɗaure da zobe. A tsarin firiwil, boris ɗin dama yana can ciki, nesa da inda aksil ya kama firam, don haka wani dogon yanki na aksil ɗin yana ɗaukar nauyi ba mataimaki. Goya abokinka a kariya, faɗa rami biyu uku, sai aksil ya lanƙwashe ko ya karye. A tsarin kaset boris ɗin yana kusa da bakin firam, shi ya sa ya fi juriya. Yadda za ka gane: leƙa ƙaramin faifan. Idan ka ga wani siririn zobe a fuskarsa wanda ke juyawa tare da fayafayan in ka mayar da feda baya, kaset ne. Masu giya takwas zuwa sama kusan duk kaset ne. Firiwil dai yana da arha kuma ko'ina akwai shi, wannan kam ba a ƙwace masa ba.

Sai ka karanta sunan da ke jikin macanjin baya. Kayan Shimano hawa-hawa ne: Tourney a ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, Deore, SLX, XT, har XTR na 'yan gasa. Tsohon Deore mai shekara ashirin da aka kula da shi ya fi sabon macanjin da ba shi da suna, mai laushi kamar gwangwanin madara. Ni a wurina sunan nan ya fi adadin giyar muhimmanci nesa ba kusa ba.

Taya ma tana da nata rikicin, kuma a nan ne ɗalibai suka fi asarar kuɗi. Lambar inci yaudara ce. Lambar gaskiya tana rubuce a gefen taya, kamar 54-559: ta farko kaurin taya, ta biyu faɗin rim a milimita. Keken hawa dutse mai inci 26 shi ne 559. Mai 27.5 shi ne 584. Mai 29 shi ne 622. Kekunan gari 'yan Japan masu kwando, da su ma ake kira 26, nasu 590 ne, kuma tayarsu ba za ta hau rim ɗinka ba ko za ka kwana kana danna ta. Babban keken gargajiya mai inci 28 kuwa 635 ne, wato ya fi na 29 faɗi, abin dariya. Ka rubuta lambar a waya kafin ka tafi kasuwa. Babbar ƙafa ta fi haye rami da dutse cikin sauƙi, shi ya sa 29 ta mamaye sababbin kekuna, amma tayar 26 da tiyub ɗinta sun fi sauƙin samu a nan. Ka kuma duba bawul. Mai kauri irin na mota kowane mai faci zai ba ka iska. Siririn nan mai ɗan kusa a kai, wanda sababbin kekuna suka fi zuwa da shi, sai ka sayi ɗan abin da ake murɗa masa, ka riƙa yawo da shi a aljihu.

Jikin keken kansa ya canza. Na da gajere ne, fok ɗinsa ya kusa miƙewa tsaye, wajen digiri 71, kan keken kuma bai cika wuce santimita 60 ba. Na yanzu dogo ne, fok ya kwanta zuwa digiri 65 ko kusa da haka, kan ya kai santimita 76 zuwa 80. An yi haka ne don kada mahayi ya kifa ta gaba a gangara mai tsanani. A tsaunukan Jos ko Mambila wannan ni'ima ce. Amma a go-sulo, tsakanin Keke Napep da mai tura baro, ko a matsattsiyar ƙofar hostel, kan keke mai santimita 80 fitina ne. Tsohon ya fi saurin juyawa, kuma yawanci yana da ramukan ɗaura kariya da madigadi, abin da sababbin da yawa ba su damu da shi ba.

Birki: na roba mai kama rim, musamman irin V da ya bazu daga 1996, yana kamawa sosai idan an saita shi, robarsa arha, waya ce kawai. Rauninsa damina da laka, da kuma rim da ya karkace. Birkin dis bai damu da ruwa ba, na mai kuwa da yatsa ɗaya ake tsayawa. Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: birkin Shimano nasa man daban ne, ba ya shan man birkin mota. Aka zuba masa na mota, robobin ciki za su kumbura su lalace, birki ya tafi. Kada ka bari a yi maka gwaji da shi. Dis mai aiki da waya shi ne tsaka-tsaki, kowane mai gyara zai gane kansa.

Shokazoba kuwa, a tsohon keke sau da yawa ta riga ta mutu, nauyi kawai take ƙarawa. Danna kan keken da ƙarfi: in ba ta nutsa ba, ko ta nutsa ta dawo da "ƙwas", ko ka ga tsatsa a sandunanta, ka rage kuɗin ko ka nemi mai sandararren fok. Su kuma kekunan nan masu ƙyalli da ƙaton sifirin a tsakiya, masu arha, ka bar su inda ka gan su. Wani ɓangare na ƙarfin da ka taka a lilo yake tafiya.

A kasuwa, bayan ka duba walda ko akwai tsaga, musamman a wuyan keke da wajen feda, ka auna kaca. Firam ɗin ƙarfe mai walda zai iya ɗinke shi, na alminiyam in ya tsage yawanci ya gama. Awon kaca da rula ake yi: gaɓa 24 na sabuwar kaca inci 12 ne daidai, daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar ƙusa. Idan ta wuce da kamar milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. Idan ta wuce da milimita uku, ta riga ta cinye fayafayan, sabuwar kaca za ta riƙa zamewa a kansu, sai ka saye su tare. Ka sa wannan a cinikin. Haƙoran da suka yi tsini suka karkata gefe guda su ma alama ce. Kuma in ka saya, don Allah ka rabu da baƙin mai. Da shi da ƙurar hunturu in suka haɗu sun zama tamkar dutsen wasa wuƙa, kullum suna cin kacar. Ɗan mai mai tsabta a kowace gaɓa, ka bar shi ya shiga, sannan ka goge na waje da tsumma har ta kusa bushewa.

Ni dai da za a tambaye ni, ɗalibin da tafiyarsa daga hostel ce zuwa aji, zuwa kasuwa, zuwa gida ƙarshen mako, a gari shimfiɗaɗɗe irin yawancin garuruwanmu, ya nemi tsohon mai inci 26, mai kaset na giya takwas ko tara, Acera zuwa sama, birkin V, ba shokazoba a baya. Ko mai 21 ɗin ma, a 42 kan 14, idan kana zagaya feda sau 80 a minti kana gudun kusan kilomita 30 a awa, wanda ya fi ƙarfin hanyar cikin makaranta. Za ka tarar kusan kullum kana kan farantin tsakiya. In macanjin gaba ya ishe ka da ƙara, mai gyara zai iya saita shi ya tsaya a kan na tsakiyan, ya zama mai tsare kaca kawai, ka samu naka faranti ɗayan ba ka kashe ko sisi ba. Wanda kuma da gaske yake son shiga duwatsu ranar Asabar, kuma aljihunsa zai ɗauka, sabon ya fi masa, ba tantama. Akwai ma masu faranti ɗaya da fayafayai tara ko goma, irin su microSHIFT Advent da Shimano CUES, waɗanda ke hawa tsohon mazaunin kaset kuma ba su kai mai 12 tsada da tsirfa ba. Amma ranar da zai sayi keken, ya haɗa da kacar ajiya da wancan ɗan ƙarfen da macanji ke rataye a kai, ya jefa su a akwati.

Abokin namu kacarsa ta iso, guda biyu ya yi oda wannan karon. Musun kuma yana nan, sun koma kan wane ne zai riga wani isa bakin get.